Daga Gadar Ijora: Tashi Ba Wuya, Sauka Ce Aiki

A cikin wasannin kwamfuta da samarinmu na nan Ikko suka ɗauka a 'yan shekarun nan akwai wani iri da ya fita dabam, kuma a kansa nake so mu tattauna a wannan mako, domin na ga yana jawo 'yar tsama tsakanin iyaye da 'ya'yansu, tun daga Ijora har Idi-Araba da Agege. Wasan kuwa shi ne na kwaikwayon tuƙin jirgin saman yaƙi. Yaro zai zauna gaban kwamfuta a nuna masa cikin ɗakin matuƙi da agogunansa da maɓallansa kamar na gaske, ya tashi ya haɗu da waɗansu 'yan wasa ta intanet, wani yana Turai wani yana Asiya, su gwabza a sararin sama. Waɗanda suka fi suna su ne War Thunder da DCS World. Masu yinsa a unguwanninmu ba su da yawa, gama yawancin shagunan wasa ƙwallon ƙafa suka sani, kuma na biyun nan yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi wadda kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Amma masu kallon hotunansa a waya suna da dama. Duk kuwa wanda ya ɗan taɓa wasan zai gaya maka magana guda: harbo abokin gaba ba shi ne abin wuya ba. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne komowa gida, watau saukar da jirgin saman a kan jirgin ruwan da ya tashi daga kansa, alhali jirgin ruwan yana tafe a tsakiyar teku.

Uba ya ce ɓata lokaci ne da ƙona kuɗin data. Ɗa ya ce ilmi ne. Kafin mu raba gardama, ya kamata mu san abin da yaron yake kwaikwayo tukuna.

Babban titin saukar jirage na filin Murtala Muhammed da ke Ikeja tsawonsa mita 3,900 ne, kuma ba ya motsi. Manyan jiragen ruwan Amurka masu dakon jiragen sama, irin waɗanda ake kira ajin Nimitz, tsawonsu duka daga goshi har wutsiya mita 333 ne, kuma wurin da aka keɓe domin sauka bai kai mita 250 ba. A kan wannan ɗan fili ake so jirgi mai nauyin tan 15 zuwa 20, watau kamar babbar mota da lodinta, wanda ke tafe da gudun kilomita 250 a awa, ya dira ya tsaya cik. Birki ba zai yi wannan aiki ba. Saboda haka aka shimfiɗa igiyoyin ƙarfe guda 4 a gicciye a kan doron jirgin ruwan (sababbin jiragen guda 3 suke da su), tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar mita 12, aka kuma sa wa jirgin saman ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya. In ƙugiyar ta sarƙafi igiya, sai injunan da ke ƙarƙashin doron su riƙe ta suna saki a hankali, jirgin ya tsaya cikin daƙiƙa 2 bayan ya ja ta kimanin mita 100. Igiyar da matuƙi ke nema ita ce ta uku. Wanda ya kama ta farko ya tsaya dai, amma ba a yaba masa, domin ya zo ƙasa-ƙasa ke nan, saura kaɗan ya daki gindin jirgin ruwan.

Daga sa'ad da matuƙi ya gama kwanarsa ta ƙarshe ya miƙe sosai a bayan jirgin ruwa zuwa sa'ad da tayoyinsa za su taɓa, abin bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 18 ba. A cikin wannan ɗan lokaci idonsa yana zagaya abubuwa uku ba hutawa. Na farko wata fitila ce ruwan ɗorawa da aka kafa a gefen hagu na doron, a tsakiyar jerin koraye. In ta yi daidai da jerin, yana kan hanya. In ta haura ya yi sama da yawa. In ta gangara ya yi ƙasa, in kuwa ta rikiɗa ta zama ja, to yana dab da halaka. Na biyu shi ne layin tsakiya, wanda ke da nasa makircin, domin an karkata wurin saukar zuwa hagu da digiri 9, jirgin ruwan kuma yana tafiya gaba, saboda haka titin kullum yana zame wa matuƙi zuwa dama, sai ya yi ta binsa da 'yan gyare-gyare. Na uku shi ne yadda hancin jirgin ya ɗaga ga iska, gama in bai ɗaga daidai ba ƙugiyar ba za ta zo inda ake so ba. Kada a manta kuma teku ba ta kwana: doron yana hawa yana sauka, iskar da ta bugi ginin jirgin ruwan tana murɗawa a bayansa ta fizgi jirgin saman ƙasa a daidai lokacin da ba shi da sarari. Wannan duk da rana ke nan. Da dare, in babu farin wata, ba a rarrabe sama da ruwa.

Akwai wani abu guda da ke ba kowane direba mamaki in aka gaya masa, kuma na tabbata direbobin tanka da tirela da ke kwana a layi kan hanyar Apapa za su ce wannan hauka ne. Da zarar tayoyin jirgin sun taɓa, matuƙi ba ya sassauta wuta. Totur yake bankawa har ƙarshe. Dalili kuwa shi ne bai sani ba tukuna ko ƙugiyarsa ta kama. In ta kama, igiyar ta fi ƙarfin injin, za ta tsayar da shi ko yana so ko ba ya so. In ta yi tsalle ta wuce duka igiyoyin, to yana da wutar da zai sake tashi ya zagayo. Wanda ya saki wuta yana murnar ya iso, in aka yi rashin sa'a, sai ya gangara ta goshin titin ya faɗa teku. Watau mutum yana sauka ne da shirin cewa saukar ba ta yiwu ba.

Ba a zo ga wannan tsari a kwana ɗaya ba, kuma da rayuka aka saye shi. Mutumin da ya fara saukar da jirgin sama a kan jirgin ruwa Ba'amurke ne mai suna Eugene Ely, ran 18 ga Janairu 1911, a gaɓar San Faransisko, a kan wani dandamalin katako da aka yi wa jirgin yaƙin Pennsylvania yana tsaye a kan anga. Igiyoyi aka gicciya, aka ɗaura buhunan yashi a bakin kowace, ƙugiyoyin jirginsa suka yi ta kwasarsu har ya tsaya. Dubi dai, dabarar nan ta igiya da ƙugiya ita ce har yau. Wanda ya fara yi a kan jirgi mai tafiya kuwa Baturen Ingila ne, Edwin Dunning, ran 2 ga Agusta 1917, a kan jirgin Furious, inda abokan aikinsa suka ruga suka cafke jirgin da hannu suka danne shi. Bayan kwana 5 ya sake gwadawa, injin ya shaƙe, jirgin ya faɗa ruwa ya nutse da shi. Shekara 8 bayan wannan ne, ran 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sama 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a tafiyar da ta fara kawo jirgin sama ƙasar Nijeriya.

Da aka shiga zamanin jirage masu injin jet bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai abin ya zama annoba, domin a lokacin doron miƙaƙƙe ne, jiragen da suka riga suka sauka suna jibge a gaba, wanda ƙugiyarsa ta kuskure sai ya afka wa shingen raga, ko ya tsallake shi ya afka musu. A shekarar 1954 kaɗai rundunar ruwan Amurka da sojojinta na kundumbala sun yi asarar jirage 776 a haɗurra iri-iri, ba a fagen fama ba. Hafsoshin Ingila biyu ne suka kawo magani a farkon shekarun 1950. Dennis Cambell ya kawo shawarar a karkata titin saukar, yadda wanda ya kuskure zai sami hanya a buɗe ya tashi. Nicholas Goodhart ya ƙago madubin da ke nuna wa matuƙi fitilar nan, wanda daga baya aka maye gurbinsa da gilasai masu haske.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin sha'anin nan duka ba ƙarfe ba ne, mutum ne. A gefen doron, can baya, akwai wani hafsa da ke tsaye a fili da rediyo a hannu ɗaya da maɓalli a ɗayan, shi ma matuƙi ne gwani, aikinsa ya dubi kowane jirgi da ke tahowa. In kana so ka gane shi, tuna da yaron mota a garejin Ijora sa'ad da yake ba maigidansa hannu ana shigar da tirela da baya cikin lungu: direba ne ke riƙe da sitiyari, amma yaron ne ke ganin abin da direba ba ya gani, in ya buga bodi ya ce tsaya, tilas a tsaya. Bambancin shi ne wannan hafsa in ya danna maɓallinsa jajayen fitilu suka kama walƙiya, matuƙi ba shi da ta cewa, ko da kuwa shi ne kwamandan rundunar kuma hafsan ƙaramin yaronsa ne. Dole ya ba da wuta ya tashi ya sake zagayowa. Bayan an gama kuma hafsan zai bi kowane matuƙi ya karanta masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi maki, a liƙa makin a allo a ɗakin taruwarsu inda kowa zai gani. Kowace sauka, ta babba da ta yaro, har ranar da mutum zai bar aiki. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, in ji Hausawa, amma mu faɗi gaskiya, a ma'aikatunmu nawa ne ƙarami zai ce wa babba koma ka sake, babban kuma ya koma ba tare da ya ƙullace shi ba?

Masu wasan sun ɗauko wannan al'ada ɗungurungum. A cikin DCS World, tun da aka ƙara masa sashen jirgin dako a 2020, na'urar da kanta tana yi wa ɗan wasa magana yana tahowa, ta kore shi in ya karkace, ta ba shi maki in ya sauka. A ƙungiyoyin da suka ɗauki abin da gaske kuwa, wani ɗan wasa ne ke tsayawa a matsayin hafsan, ana jiran layi, ana magana a rediyo da ƙa'ida, wanda ya yi gaggawa ya shiga gaban wani a tsawata masa. Yaron da ya jure wannan wata da watanni, ya faɗa teku sau ɗari ya dawo, ya karanta littafin jirgin mai ɗaruruwan shafuna da Turanci, ya koyi lissafin mai da nauyi da iska, ba zan ce da shi ɗan zaman banza ba. Na'urar kwaikwayo ma ba abin raini ba ce a wurin masu aikin na gaske. Tun 1929 Edwin Link ya ƙera ta farko mai amfani, aka horar da dubban ɗaruruwan matuƙa da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma babu wani kamfanin jiragen sama na kirki a yau da ba ya mayar da matuƙansa cikin irin wannan akwati lokaci-lokaci a jarraba su.

To, a nan gaskiyar ɗa ta tsaya, ta uba ta fara. Wasan yana koya wa ido da ƙwaƙwalwa, amma ba ya koya wa jiki, kuma ba ya koya wa zuciya. Wanda ke zaune a kujerar roba ba ya jin nauyin da ke danne matuƙi a kwana, ba ya jin jirin da ke sa mutum ya rantse jirginsa a miƙe yake alhali ya kwanta. Uwa uba, yana da maɓallin sakewa. Dunning bai sami wannan maɓalli ba. Har ila yau, yaron da ya ƙware a saukar jirgin Amurka a kan jirgin ruwan Amurka, in abin ya tsaya nan, ya ƙware ne a aikin da ba za a taɓa ɗaukarsa ba. Nijeriya ba ta da jirgin dakon jiragen sama, kuma babu ƙasar Afirka da ke da irin wanda jiragen jet ke sauka a kansa. Masar ta karɓi manya biyu daga Faransa a 2016, amma na jirage masu saukar ungulu ne. Sabon na Amurka, Gerald R. Ford, ya ci wajen dala biliyan 13. Ba ma bukatarsa, kuma duk wanda ya ce mu saya ba masoyinmu ba ne.

Sai dai fa wannan ba ya nufin ba a sauka a kan ruwa a ƙasar nan. Ana yi kullum, kuma a bayan gidanmu. Daga gadar Ijora zuwa hedkwatar Rundunar Sojan Ruwa ta Yamma da ke Apapa tafiyar 'yan mintoci ce in hanya ta yi kyau, abin da ba kullum take yi ba. Babban jirgin yaƙin da Nijeriya ta sayo daga Hamburg ta Jamus, wanda ya fara aiki a 1982, mai tsawon mita 125, an yi shi da dandalin saukar jirgi mai saukar ungulu a bayansa, kuma sunan Hausa aka raɗa masa: Aradu. Saboda shi aka sayo jirage 3 samfurin Lynx daga Ingila a tsakiyar shekarun 1980, aka kafa sansanin jiragen saman sojan ruwa a Ojo. Jiragen da suka biyo baya, irin su Thunder da aka karɓo daga Amurka a 2011, da Kada wanda ya iso a 2022, duk suna da irin wannan dandali. Abin lura ne ma yadda sunayenmu suka cika rundunar, daga Damisa da Dorina har Kyanwa, alhali da yawa daga cikin yaranmu da aka haifa a bakin ruwan nan ba su taɓa tunanin akwai gurbinsu a ciki ba. Murtala Nyako ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo daga 2021 zuwa 2023, kuma babu ɗayansu da aka haifa a gaɓar teku.

Saukar mai saukar ungulu a kan ƙaramin jirgi tana da tata wuyar, wadda waɗansu matuƙa ke ganin ba ta gaza waccan ba. Babu igiya, babu gudu, amma ƙaramin jirgi ya fi babba rawa a kan igiyar ruwa nesa ba kusa ba. Matuƙi yakan zo ya tsaya a iska a gefen jirgin yana tafiya daidai da shi, yana kallon dandalin yana hawa yana sauka yana tangaɗi, ga hasumiyar jirgin 'yan mitoci kaɗan daga fukafukansa. Sai ya jira 'yar lafawar nan da teku kan yi bayan manyan igiyoyi sun wuce, hafsan doron ya ba shi hannu, ya zamo a gicciye ya dira kafin ta sake tashi. In ya makara, ya koma gefe ya sake jira. Haƙuri ɗaya ne, biyayya ga mai ba da hannu ɗaya ce.

Ba sojoji kaɗai ke wannan aiki ba. Rijiyoyin manmu na cikin teku, irin su Bonga da ke kilomita 120 daga gaɓa, wadda ta fara aiki a 2005, da jirage masu saukar ungulu ake kai musu ma'aikata a komo da su. Mutanen Ikko ba su manta da ƙaton jirgin haƙar mai na Egina ba, wanda ya yi watanni a tashar nan a 2018 ana ƙarasa haɗa shi. Tsawonsa mita 330, kusan daidai da jirgin dakon Amurka da yaran ke sauka a kansa a kwamfuta, amma wurin saukarsa 'yar da'ira ce a gefe guda. Ga kuma batun tsaro. A 2020, cikin ma'aikatan jirgin ruwa 135 da 'yan fashin teku suka sace a duniya duka, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su, watau a ruwanmu da na maƙwabtanmu. Shirin tsaron teku da aka ƙaddamar a Apapa a watan Yuni 2021 ya zo da jirage masu saukar ungulu guda 3, kuma kowane irin wannan jirgi sai da matuƙa da makanikai da masu ba da hannu.

Saboda haka ga abin da zan ce wa uban da ke son fasa wayar ɗansa. Kada ka fasa, amma ka sa masa sharaɗi, ka zama kai ne hafsan da ke tsaye a gefen doro. Ka tambaye shi makinsa na sauka, sa'an nan ka tambaye shi makinsa na lissafi da kimiyya da Turanci a makaranta, in na biyun ya yi ƙasa ka kunna masa jar fitila ya sake zagayowa. Ƙofofin da wannan sha'awa za ta iya buɗewa duk da takardar sakandare mai kyau ake ƙwanƙwasa su, kuma yawancinsu a gida suke: Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, waɗanda aka kafa su duka biyu a 1964, sai makarantar koyon tuƙin masu saukar ungulu da ke Inugu. Kuɗin koyon tuƙi a Zariya ya fi ƙarfin direban tanka, wannan gaskiya ne, kuma a nan ne ya kamata gwamnatocin jihohinmu da ke ba da tallafin karatu su tuna cewa ɗan Kano ko ɗan Katsina da aka haifa a Ijora Badiya ɗansu ne, ko da bai taɓa ganin ƙofar Nasarawa ba.

Ga hukumar sojan ruwa kuma ina da roƙo ƙarami. Kowace shekara rundunar tana bikin kafuwarta, wadda aka yi ran 1 ga Yuni 1956. Ba zai ci kuɗi mai yawa ba a aika da mota ɗaya ko biyu zuwa makarantun Ijora da Agege da Alaba Rago a wannan mako, a kwaso ɗalibai maza da mata, a kai su Ojo su ga jirgin da idonsu, a hau da su dandalin Kada su auna faɗinsa da ƙafafunsu, matuƙi ɗaya ya tsaya ya amsa tambayoyinsu na awa guda. Shugabannin al'ummar Hausawa na unguwannin nan su ne ya kamata su rubuta takardar neman wannan, tun watan Maris, domin takarda a ofishin soja ba ta sauri.